Abin da Ya Gifta Gaban Tauraro

A shekarar da ya dawo daga karatu, wani masanin taurari ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya ajiye ta a gidansa, ya koma kan aikinsa. Akwai wani tauraro da ya sa wa ido, mai kama da ranarmu a girma da zafi, sai dai nisa ya mai da shi kamar ƙwayar gero. Na'ura ce ke auna masa haskensa. Ya lura lokaci-lokaci hasken yakan ragu ɗan kaɗan, ragin da ido ba zai gane ba, ya jima, sannan ya dawo. Abokan aikinsa suka ce, "Malam, na'urar nan ta girme mu duka, rawar tsufa take yi." Shi kuwa ya ga ragin ba ya saɓa lokacinsa. Ya yi ta bin sawu har ya tabbatar wata ƙatuwar duniya ce, wadda za ta haɗiye irin tamu sau dubu, take kewaya tauraron, tana tare hasken duk sa'ad da ta gifta gabansa. Bai taɓa ganinta ba. Inuwarta kaɗai ta ishe shi hujja.

A gida kuwa, tsohuwa takan wayi gari wata rana ta yi salla a zaune, ta bar kokonta ya huce, ta zauna a bakin ƙofa, hannu dafe da ciki. Kashegari ta ware, tana tsokanar jikoki. Shi ɗan fari ne. Sunansa ma ba ta faɗa, balle ta kai masa kukan jikinta. In ya leƙo gaisuwa ya ce, "Inna, lafiya kuwa?" sai ta kau da kai ta ce, "Zafin garinku ne. Je ka, kar ka makara." Sai ya tafi. Amsar da ya ƙi karɓa a kan tauraro ya karɓe ta a kan uwarsa, don irin wannan amsar ba ta hana shi fita. Ranar da ta kasa tashi aka kai ta asibiti. Likita ya daɗe yana duban hoton cikinta, ya ce ƙari ne, kuma ba na bana ba ne. Ya juyo ga masanin ya ce, "Ba wanda ya ga alama?" Kafin damina ta faɗi aka binne ta.

Kai da ke da tsoho a gida, ka riƙe abin da magabata suka faɗa: ruwa ba ya tsami banza.