Gefenmu na Dutsen Iyaka

Yau aka miƙa ƙanwata ga mutanen ƙauyen bakin teku, a gindin dutsen da kakanninmu suka kafa ranar da aka daina yaƙi.

Shekara shida ni ke shafe gefenmu da farar ƙasa tun da sassafe, sannan in laɓe bayan bishiyar kwakwa in kalli wani saurayi yana shafe nasu. Shi ne angon.

Gwaggo ta zungure ni. "Ke, saki fuska mana, ba gawa muka kawo ba!"

Angon ya dafa dutsen yana dariya, ya nuna ni. "Bara na tambayi wannan mai kunyar, wa ke wannan kyakkyawan aiki in aure ta? Ta ce ƙanwarta ce."

Ƙanwata, wadda ba ta taɓa tsoma hannu a farar ƙasa ba, ta sunkuyar da kai irin yadda nake yi.