Ranar da Aka Ba Ɗana Wuta

Wata sajen 'yan sanda ta miƙa wa ɗana sandar wutar wasanni, ta ce, "Kai ne a gaba, zakara. Muna bayanka."

Tun bara 'yan sandan garinmu suke sayar da gasasshen nama a ƙofar kanti, suna tara kuɗin jirgin da zai kai masu lalurar ƙwaƙwalwa irin ɗana wasanni a birnin Perth. Yau ne gudun rakiyar wutar wasannin.

Ya zuba a guje, jama'a suna tafi. Sai ya ji takun takalma, ya waiga, ya ga masu kaki sun cika titi suna bin sa.

Ya tsaya cak. Ya ajiye wutar, ya kwanta rub da ciki, ya ɗora hannayensa a ƙeya.

Ni na koya masa haka a tsakar ɗaki, shekarar da ɗan maƙwabciyata, mai irin lalurarsa, ya ji tsawar 'yan sanda ya ruga, suka harbe shi.

Sajen ta durƙusa. "Tashi mana, wasa ne!"

Bai kula ta ba. Ni ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsu, kumatunsa a kan kwalta, yana murmushi.

"Mama, kin gani? Ban gudu ba."