Wayar Baba Ta Yi Shiru

Wata malama mai koyar da rubuta manhaja ta lura da wani magidanci cikin ɗalibanta, kullum kwamfuta ta ce masa ya sabunta wani abu, sai ya rufe sanarwar ya ce sai ya samu sarari. Da aka tashi ta tsayar da shi, ta ba shi wannan misali.

An yi wata mata a Kaduna, gwanar rubuta manhaja. Mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, tsufa ya cinye masa idanu. Don kada ya riƙa neman mai karanta masa saƙo, ta zauna ta haɗa masa 'yar manhaja a waya, wadda ke karanta masa duk abin da ya shigo da murya, cikin Hausa. Ba daga tushe ta gina komai ba. Kamar kowane mai wannan sana'a, ta ɗauko tubalan da wasu suka riga suka rubuta, wannan na murya, wancan na gane haruffa, ta ɗora nata a kai. Tsoho ya ji daɗi ƙwarai. Da hantsi yakan zauna a zaure, waya a kunne, yana jin hirar abokan aikinsa na dā yana dariya shi kaɗai.

Masu tubalan nan kuwa ba su tsaya ba, kullum cikin gyara suke. Shafin da take rubutu a cikinsa yakan nuna mata cewa sabon tubali ya fito, injin da ke harhaɗa rubutun ya zama manhaja shi ma yakan yi mata gargaɗi. Sai ta ce a ranta, abin da ke aiki me zai sa a taɓa shi? Aiki ya yi mata yawa, zuwa Zariya ma ya koma sai da salla. Ana nan, ran nan wayar tsoho ta sabunta kanta, tsofaffin tubalan suka kasa tafiya da ita, murya ta ɗauke. Bai gaya wa kowa ba, don kada ya ɗora wa 'yarsa nauyi. A cikin shirun nan ne saƙon rasuwar amininsa ya shigo, wanda suka yi ƙuruciya tare a tashar jirgi. Bai ji ba sai bayan an yi sadakar uku.

Da labari ya iske ta, ta kamo hanya da kwamfutarta. Ta taɓa tubali ɗaya, ya ce sai an sabunta na ƙarƙashinsa. Ta gyara a shafin rubutu, injin harhaɗawa ya ce shi tsohon tubalin ya sani. Abin da dā zai ɗauke ta ɗan lokaci kaɗan ya cinye mata kwanaki, tana yi tana share hawaye. Tsoho na gefe a kan tabarma, ya lalubo hannunta.

"Uwata, bar kuka. Ba ke kika ɗauke aminina ba."

"Baba, ai na ga gargaɗin. Ni na ƙi dubawa."

"To, yanzu kin duba. Ni dai na samu kwana biyu ina jin motsinki a gidan nan."

Da murya ta dawo, saƙon farko da ya ce a karanta masa shi ne na rasuwar. Ya saurara har ƙarshe, ya yi wa amininsa addu'a, ita kuma ta amsa da amin. Tun daga nan duk Asabar tana Zariya. Takan duba tubalan ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita shafin rubutu da injin harhaɗawa, ta gwada a wayarsa tun gyaran bai taru ba, sannan ta dama masa kunu su yi hira har la'asar.

Malamar ta dubi ɗalibin ta ce, duk abin da ka jingina da shi, mutum ne ko tubali, yana buƙatar a riƙa leƙa shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.