Ranar da Madam Adama Ta Zo Duba Na'ura

Tun da hantsi Alhaji Mahmuda ke goge gadon na'urar da hannunsa, shi da ko kofin shayinsa ba ya ɗaukewa. Yau mai bincike za ta zo daga Doso. In ta sa hannu, asibitinsa ya tsaya da ƙafarsa. In ta ƙi, a garƙame ƙofa, gonarsa ta Tibiri da ya sayar don sayen na'urar ta bi ruwa ke nan.

Na'urar ita kaɗai ce irinta a Dogon Dutsi. Mutum ya kwanta, haske ya ratsa shi, ta faɗi yawan kitse da tsoka da ƙarfin ƙashi. Mai juna biyu dai ba a haska ta, don hasken na iya illata ɗan da ke ciki. 'Yan kokawa na zuwa, masu ciwon suga na zuwa. Alhaji kuwa, a faɗi gaskiya, mutum ne mai ƙa'ida har da ta ban haushi.

Madam Adama ta iso ba fara'a. Ta duba takardun gwaji, ta leƙa rigar kariya, ta ƙwanƙwasa bango. Sannan ta ce tana son ganin an haska mace ɗaya, daga tambayoyi har sakamako.

Zauren jira wayam. Ranar kasuwa ce, kowa ya tafi can. Ɗansa Sadiƙu, mai sarrafa na'urar, ya tafi Yamai kwas, shi ya sa Alhaji ya riƙe aikin da kansa.

Idonsa ya faɗa kan Raihana, matar Sadiƙu, mai karɓar baƙi. Da can ita ake kwantarwa in za a nuna wa mutane aikin. Kwanan nan dai ta janye teburinta can bakin ƙofa, wai zafi, kullum da tsamiya a baki.

"Taho, ɗiyata, ki kwanta."

Ta miƙe a hankali, tana jan hijabi.

Daidai nan uwargidansa Hajiya Baturiya ta shigo da fura don baƙuwa. Ta tsaya riƙe da kwano.

Alhaji ya gyara murya, ya shiga jero tambayoyi da ƙarfi don Madam ta ji ba a tsallake ko ɗaya ba. Akwai ƙarfe a jiki? Babu. An yi miki wani hoto kwanan nan? A'a. Juna biyu fa? Raihana ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji, ta ce a'a, Baba. Ya ce madalla, ya wuce ta gaba.

Hajiya ta ajiye kwanon a ƙasa, ta fita ko sallama babu.

Raihana ta hau gadon. Alhaji ya ce kada ta motsa, hoto zai ɓaci. Hannun na'urar ya taso daga saman kanta da ƙugi, ya fara gangarowa. Ya wuce goshi. Ya wuce wuya. Hawaye ya gangara mata cikin kunne, shi kuwa allo yake kallo, zuciyarsa fal murna.

Ɗif, wuta ta ɗauke.

Gumi ya karyo wa Alhaji. Ya danna nan, ya danna can, yana tsine wa masu wuta. Madam Adama ta dubi agogo, ta leƙa taga. Fankar telan da ke makwabtaka na juyawa abinta.

"Alhaji, matsalar daga gidanka take. Na'urar da ke mutuwa alhali mutum na kwance a kanta, ba ni sa mata hannu. Sai wani zagayen, in an gyara."

Ya bi ta har mota yana roƙo. Ta ja ƙofa.

Ya dawo, ya zagaya bayan gini inda babban makunnin wuta yake. Hajiya Baturiya na tsaye a wurin, hannunta bai ma sauka daga kan makunnin ba.

"Ke? Kin san abin da kika jawo mini?"

"Na sani sarai," ta ce. "Kai da ƙa'idarka. Wace ɗiyar kirki ce za ta dubi surukinta, gaban baƙuwa, ta amsa tana da cikin fari? Jikanka ne kwance a gadon nan, Alhaji, saura taki ɗaya hasken ya kai gare shi."