Tashar da Ta Fi Ƙarfin Masu Talla

Tsanani ne laifin shugaban tashar nan, ba mugunta ba, kuma tsananin ne ya ci shi.

Ranar da aka ba shi sabuwar hula, ya fito dandamali ya daka wa mata masu talla tsawa. "Tashar jirgi ce nan ko kasuwa? Ku kwashe min farantanku."

Tsohuwa mai ayaba ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, jirgin nan sau ɗaya yake leƙo mu a yini. In mun tafi, da wa za ka yi hira? Da ƙararrawa?"

Bai ko dube ta ba. Suka koma bakin titi, gindin wata bishiya. Direbobin mota suka fara tsayawa sayen abinci, fasinjojin jirgi suka bi direbobi, manoma suka bi fasinjoji da buhunansu. Shi kuwa yana nan yana shafa wa duwatsun bakin layi farar ƙasa, jirgi ya zo wayam ya koma wayam, har aka ce za a rufe wannan reshen layin dogo.

Ranar jirgin ƙarshe, garin ya cika dandamali don sallama, har da matan da farantansu. Da aka watse ya ɗauko tsintsiya, ya dubi ɓawon ayaba da sawun yara ko'ina, sai ya kasa sharewa.

Ya rasa jirgi, ya rasa aiki da gidan ma'aikata, ya rasa masu ce masa ina kwana.