Dawar Ɗantani a Cikin Gari

Ranar wata Talata, ƙarshen daminar 1954, aka sare dawar Ɗantani.

Ba wata gona ba ce ta a zo a gani. Kango ne a bayan gidansa, cikin garin Kiru. Gonarsa ta gado tana can hanyar Ba'awa, amma tun da kurkunu ya shanye masa ƙafar hagu, tafiyar ta gagare shi. Sai ya share kangon, ya ja kunyoyi yana yi yana hutawa, ya kankare abin da ya rage a gindin rumbu ya zuba a ƙasa. Abincinsa da na matarsa Tasalla da 'yarsu Luba, har da irin baɗi, duk suna cikin kangon nan.

Ashe akwai doka: ba a shuka dogon hatsi a cikin gari, don yana tara sauro. Gyaɗa da wake babu laifi. Tun da rani aka aiko wa mai unguwa Rufa'i ya sa a yi shela. Saƙon ya tarar da shi cikin hidimar bikin ƙanensa, ya ce sai an watse. Aka watse, ruwa ya sauka, magana ta bi ruwa.

Kullum ta bakin kangon mai unguwa yake wucewa masallaci. Ranar shuka ya ce, "Sannu da aiki." Ranar noma ya ce, "Sannu da aiki." Da dawa ta fi shi tsawo ya ce, "Kai, Ɗantani, bana kai ne sarkin noma!"

Dawa ta fitar da kai, ƙwaya ba ta ƙosa ba, sai ga duba-gari bisa keke, 'yan doka biyu da adduna, mai unguwa yana sassarfa a bayansu.

Tasalla ta leƙa ta jikin zana ta ce, "Malam, ka yi baƙi. Ba su yi kama da masu taya girbi ba."

Ɗantani ya jawo ƙafa ya fito, ya tuɓe takalma, ya durƙusa da ƙyar. A wancan zamani talaka ba ya magana da ma'aikacin hukuma kai tsaye in mai unguwarsa yana wurin. Sai ya gaya wa mai unguwa, shi kuma ya ɗaga maganar sama. Duk Hausa suke ji, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma sai da tafinta.

Duba-gari ya dubi dawar ya ce, "Mai unguwa, an yi shela ko ba a yi ba?"

"An yi, ranka ya daɗe. Kowa ya ji."

Ɗantani ya ɗaga kai. "Mai unguwa, ni fa ban..."

"Ya ce ya tuba, ranka ya daɗe."

"Mai unguwa, abin da nake roƙo..."

"Ya ce duk abin da hukuma ta yanke daidai ne."

Duba-garin ba mugu ba ne. Saurayi ne mai sauri, rana tana dukansa, ga wasu unguwanni suna jiransa. Ya ce, "Me kuma yake cewa?"

"Godiya yake, ranka ya daɗe."

Maƙwabta sun cika wurin, babu wanda bai san ba a yi shela ba. Wani ya duƙufa gyaran hula, wani ya tuna bai ba akuyarsa ruwa ba.

Daga bayan zana Tasalla ta ɗaga murya. "Wace shela? A kunnen wa? Baba Rufa'i, ka ji tsoron Allah!"

Mai unguwa ya murtuke. "Ɗantani, tsawata wa iyalinka. Gaban manya muke."

Ya kuwa tsawata mata. Ita ce kaɗai maganar da aka bari ya kai ƙarshenta a ranar.

'Yan doka suka shiga da adduna. Ɗantani yana durƙushe, don ba wanda ya ce ya tashi. Kafin azahar kangon ya zama fili, har ana hango bangon maƙwabci. Da la'asar mai unguwa ya aiko a kwashe masa ganyen, wai kada ya lalace alhali ga tumakinsa.

Zangarniyar da aka sare ɗanya ba ta tuwo, ba ta iri. Tasalla ta shanya ta, ta sussuka, ta sheƙe, iska ta tafi da kusan duka. Kafin tsakiyar rani tukunya ta daina hawa murhu kullum. Yayyen Tasalla suka zo daga Badafi suka tafi da ita da Luba, suka ce sai abu ya yi sauƙi. Ɗantani bai hana ba. Da me zai hana?

Da damina ta dawo ba shi da abin zubawa a ƙasa. Ya shiga ƙodago a gonakin mutane da ƙafa ɗaya. Tsohon gyambon ya buɗe, ya ci gaba da zuwa, ƙafar ta kumbura har cinya. Bai ga kaka ba. Mai unguwa yana sahun gaba a jana'iza, ya ce marigayi mutum ne mai biyayya.

Kangon kuwa ciyawa ta rufe shi, ta fi dawar tsawo, sauro ya samu gida. Ba wanda ya zo da adda.

Jama'a, wanda aka ba saƙon mutane ya isar da shi tun kafin su zuba iri a ƙasa. Wanda aka ba iko kuma, kada ya yanke hukunci a kan mutum sai ya ji daga bakin mutumin. Mai tsayawa yana kallo alhali ya san gaskiya, da hannunsa a cikin saran.

Ɗantani bai yi niyyar jayayya da doka ba, bai ma yi niyyar tona mai unguwa ba. Abin da ya so ya ce bai fi numfashi ɗaya ba: "Ranka ya daɗe, a sare duka, amma a bar mini kunya guda ta ƙosa, in samu irin baɗi."