Mai Ɗinki da Kwalbar Gwaggonta

Ajiye wayar nan tukuna, 'yar nan, tallar ba guduwa za ta yi ba. Tunda kin ce sinadarin matan nan kike son saya, wanda ake kira furojestaron, bari in ba ki misalin wata mata da har gobe nake jinjina wa.

Tela ce, a ɗakinta take ɗinki, kuma duk layin an san halinta. Ko ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ce ta aiko da atamfa ta ce a yanka da awon bara, ba za ta sa almakashi ba sai an zo ta sake aunawa. Mata har tsiya suke mata, wai ta cika ƙaƙale. To, Allah ya jarrabci baiwar Allahn nan da ɓari. Ciki uku, kowanne da ya doshi wata biyu sai ya zube. Da na huɗu ya shiga ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta, kin san mu da ɓoye ƙaramin ciki. Sai wata safiya ta ga ɗigon jini. Wallahi ranar ko keken ɗinkinta ba ta hau ba.

Ana cikin haka gwaggonta ta yi sallama, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara biyar. Tsohuwa da ido, kallo ɗaya ta gane. Ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar kwalbar man shafawa mai ƙamshi. Ta ce da ma dominta ta saya wurin mai kayan mata, furojestaron ne na asali, da doyar daji aka haɗa shi, kuma 'yar maƙwabciyarta shi ta shafa ta haifi ƙaton namiji. A shafa a mara safe da yamma, a kwanta, a rufa wa kai asiri, ba sai an je asibiti an tallata ciki ba.

Ki duba tsaka mai wuya! Kyautar babba ba a mayar da ita, ba a kuma yi mata tambaya. Telar ta durƙusa ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi godiya. Gwaggo na fita, telar ta zauna tana jujjuya kwalbar, zuciya na ce mata shafa mana, me za ki rasa? Amma mai awo mai awo ce. Nawa ne maganin da ke ciki? Nawa jikinta ke bukata? Ita da ba ta yanka wa mace riga da awon maƙwabciyarta, yaya za ta yi wa ɗan cikinta kintace? Ta yafa mayafi, ta jefa kwalbar a jaka, ta tare adaidaita sai asibiti.

Da layi ya zo kanta ta haɗiye kunya ta faɗa wa likitar mata komai, ɓari ukun da jinin safiyar. Sannan ta dire kwalbar a kan tebur ta ce, "Likita, mene ne wannan, kuma ya dace da ni?" Likitar ta karanta jikin kwalbar ta girgiza kai. Ta ce man doyar daji ne kawai. Ita doyar sai an sarrafa ta a masana'anta take zama sinadarin, jikin mutum ba ya iya wannan aikin, ko da za ta shafe tulu guda. Aka yi mata hoton ciki, sai ga zuciyar ɗan tayi tana bugawa. Nan hawaye ya ƙwace mata. Saboda ga jini ga ɓarin baya, likitar ta rubuta mata na gaskiyar, ƙwaya ce ta matsi, da adadi da lokaci da ranar dainawa. Ta gaya mata ba kowace mace ake ba wa ba, kuma ba ta yi mata alkawarin komai ba. A kantin magani ma telar ba ta bar mai shagon ya huta ba. Sai da ya nuna mata lambar rajista da ranar lalacewa, ya kuma ce mata kada ta ajiye shi kusa da dutsen guga saboda zafi.

Labari ya kai wa gwaggo cewa an kai kyautarta gaban likita an kushe. Ta yi fushi, ta ce yaran yanzu sun raina na gaba, ta ɗauke ƙafa daga gidan. Abin ya yi wa telar ciwo ƙwarai, har kuka ta yi. Amma duk Juma'a tana zuwa gaisuwa ko da ba za a amsa da kyau ba, kuma ko sau ɗaya ba ta tsallake maganinta ba. Wata na uku ya wuce, na huɗu ya wuce. A na biyar da hannunta ta farke gefen rigunanta ta ƙara musu faɗi, tana ɗinki tana dariya ita kaɗai. Allah ya sauke ta lafiya, 'ya mace. Wa kike zaton ya riga kowa isowa da icen wankan jego? Gwaggo ce. Ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallonta, can ta share ido da bakin gyale ta ce, "Gara da kika ƙi jin maganata, 'yata."

Allah ne ya tsare cikin, wannan babu musu. Amma da ta zauna a ɗaki tana shafa mai don kunyar buɗe baki, da kwanakin da ya kamata a taimaka mata sun wuce ta tana kwance. Don haka kafin ki aika kuɗinki wurin mai tallar nan, je ki a duba jikinki. Hausawa sun gama magana da suka ce matambayi ba ya ɓata.